Gadagi: shayin ƙarfi ko na tangaɗi?

A unguwar Gyadi-Gyadi da sauran sassan ƙaramar hukumar Tarauni, kamar ko'ina a birnin Kano, ba a rasa masu sayar da gadagi a bakin titi da wuraren tsayawar ababen hawa.

Gadagi dai wani shayi ne da ake dafawa da ganyaye da saiwoyi, ya kuma samo sunansa ne daga wata ciyawa da dabbobi ke ci.

Leburori da 'yan dako da direbobi ne suka fi shan sa, domin a cewarsu yana kore gajiya da barci. Ya yi tashe ƙwarai a wajen 'yan acaɓa, kafin gwamnatin jihar ta hana sana'ar a shekarar 2013.

Babu ma'auni

Masu bincike a Jami'ar Bayero sun yi nazari a kan nau'o'insa uku, wato sak da sada da magani. Sai dai kowane mai dafawa da irin haɗinsa, don haka mai saye bai san abin da ke cikin kofinsa ba.

An sha zargin wasu da zuba ƙwayoyi ko zaƙami a cikin tukunya domin shayin ya ƙara kamawa.

Tsayuwar mutum daidai ta dogara ne a kan saƙonnin da ido da cikin kunne da jijiyoyin ƙafafu ke aika wa wani ɓangare na ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya.

Sinadaran da ke cikin zaƙami kan rikita wannan aiki. Gani ya koma dishi-dishi, baki ya bushe, jiri ya kama mutum, ya shiga tangaɗi da sambatu.

Darasi daga Fiji

A tsibiran tekun Pasifik irin su Fiji da Tonga da Vanuatu, akwai wani abin sha na gargajiya mai suna kava, wanda ake yi da saiwar wata shuka dangin masoro, a daka ta a jiƙa da ruwa.

Kava ba giya ba ce, amma tana sanyaya jiki, tana saki tsoka. Wanda ya sha da yawa kan ji hankalinsa na nan, sai ya miƙe ya tarar ƙafafu sun ƙi ɗaukarsa.

Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2016 ya nuna cewa a Fiji, tuƙi cikin sa'o'i 12 bayan shan kava na ninka haɗarin yin mummunan karo har sau huɗu.

Bambancin shi ne, ita kava a zaune ake shan ta, galibi da yamma bayan an tashi aiki. Shi kuwa gadagi, ana shan sa ne domin a hau gini, ko a ɗauki kaya, ko a kama sitiyarin Adaidaita Sahu ɗauke da fasinjoji.

A irin waɗannan ayyuka, jiri na daƙiƙa ɗaya ya isa ya janyo asarar rai.

Duk wanda ya sha, ya ga idonsa na rufewa ko ƙasa na juya masa, abin da ya dace shi ne ya ajiye tuƙi nan take. Idan kuwa abin ya kai ga sambatu ko zafin jiki, sai a garzaya da shi asibiti, a kuma gaya wa likita abin da ya sha.