Shin Ko Kun San Ana Ɗanɗana Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa da Lantarki?

Shin ko kun san cewa can cikin ƙasa akwai ruwan da ya fi na teku gishiri nesa ba kusa ba? Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. A kwarin Mishigan na Amurka kuwa, ruwan da ke kwance cikin duwatsu masu zurfi yakan haura giram 300 a lita. Wani ragowar tsohon teku ne da ya ƙafe, wani kuma gishirin dutse ya narkar a hanyarsa.

Mu ma muna da ruwan gishiri a ƙarƙashin ƙasa. A Keana da Awe na Jihar Nasarawa, ruwan gishiri da kansa yake ɓullowa, mata su tace shi, su dafa a kan wuta har ya ƙone ya bar farin gishiri a gindin tukunya.

To, ruwan da ke zurfin kilomita biyu fa, wa zai ɗanɗana? Ɗebo shi da tsada, kuma lakar haƙa takan gurɓata shi. Sai aka koma ga lantarki. Ruwan gishiri yana ba lantarki hanya, ruwan daɗi kuwa turjewa yake yi. Ranar 5 ga Satumba, 1927, ma'aikatan wasu 'yan'uwa biyu, Conrad da Marcel Schlumberger, suka zura na'ura da igiya cikin wata rijiyar mai a Pechelbronn ta Faransa, suna tsayawa mataki-mataki, suna rubuta awon turjiyar lantarki da hannu. A 1942 Gus Archie na kamfanin Shell ya fito da lissafin da ya haɗa turjiyar dutse da yawan ƙofofinsa da turjiyar ruwan da ke ciki. Har yau da shi ake aiki.

Sai dai awon nan yana da tarko. Kowace kilomita aka nutsa, zafi yakan ƙaru da digiri 25 zuwa 30, ruwan zafi kuma ya fi saurin ɗaukar lantarki. Yumɓu ma yana ɗauka. Wanda bai gyara lissafinsa ba sai ya kira ruwan daɗi zartsi, a bar rijiya mai kyau a banza. Wannan asarar tana min ciwo ƙwarai.

Kuma ba kowane ruwa mai zurfi ne zartsi ba. Masu neman mai ne suka tarar da ruwan daɗi a ƙarƙashin saharar Libiya, wanda yau ake turawa ta bututu har Tarabulus.

An haƙa rijiyoyin neman mai a yankin Tafkin Chadi, irin wannan awon kuma ake yi musu. Don Allah hukumomin ruwa su nemi waɗannan takardu su duba kafin a zuba kuɗin jama'a a sabuwar burtsatse mai zurfi.