Ba Kowane Ciwon Ido Ne Afolo Ba

Duk wanda yake nazarin Hausa a nan Kudu, ko ba daɗe ko ba jima sai an kira shi aikin tafinta. Akwai Hausawa da yawa a Sabo ta Ibadan da Agege da Idi-Araba a Legas, wasunsu kuma, musamman tsofaffi da sababbin zuwa, ba su jin Ingilishi ko Yarbanci sosai. Ma'aikatan asibiti su ma ba su jin Hausa. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi wa 'yan uwana ɗalibai bayani a kan wasu cututtuka da ake kaiwa sashen agajin gaggawa, wanda aka fi sani da imajensi, musamman masu kama ido da kewayensa. Ni ɗalibar harshe ce, don haka zan riƙa kallon maganar ta wajen kalmomin da mara lafiya yake faɗa da abin da likita yake bukatar ji.

Hausa tana da kalmomi isassu a wannan fage. Akwai kwantsa, akwai hazbiya wadda take ɗan ƙurji a bakin fatar ido, akwai hakiya da yana da dundumi da amosanin ido. Amma a bakin mara lafiya yawanci duk sai su koma "ciwon ido", idan kuwa idon ya yi ja, to Afolo ke nan.

Ita wannan kalma tana da tarihi. A shekarar 1969 wata annobar jan ido ta ɓulla a ƙasar Gana, a daidai lokacin da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata, sai jama'a suka laƙaba wa cutar sunan kumbon. Bahaushe ya mai da harafin p zuwa f kamar yadda ya yi a fensir da fasinja. Mu kuma Yarbawa muna rubuta p ɗin, amma abin da muke furtawa kp ne. Ƙwayar bairas ce ke kawo Afolo. Takan kama ido ɗaya ta tsallaka ɗayan nan da nan, da hawaye da jin kamar an zuba yashi, wani lokaci har da ɗigon jini a farin ido. Ta hannu da tawul da hankici take yaɗuwa, kallon mai ita ba ya sa a kamu. Takan warke da kanta cikin mako 1 zuwa 2, kuma gani ba ya raguwa. Wannan na ƙarshe shi ne abin riƙewa: ciwon da ya rage gani ya wuce Afolo.

Labulen da ke cikin ido

Ƙwayar ido tana zaune ne a cikin kwarmi na ƙashi. Daga bakin ƙashin nan akwai wani siririn tantani mai ƙarfi da ya sauko ya shiga fatar ido ta sama da ta ƙasa, kamar labule. Gaban labulen fata ce kawai da nama kaɗan. Bayansa kuwa akwai kitse, da tsokoki 6 masu juya ƙwayar ido, da jijiyar gani wadda ta wuce zuwa ƙwaƙwalwa. Idan aka kawo yaro imajensi ido a kumbure, tambayar farko da ke zuciyar likita ita ce, cutar tana gaban labule ne ko ta shiga bayansa? A ido duka biyun kamanninsu ɗaya, shi ya sa iyaye ba sa bambancewa.

Ta gaban labule takan faro daga hazbiya, ko cizon ƙwaro, ko ƙujewa. Fatar ido ta kumbura ta yi zafi, har idon ya rufe. Amma idan aka ɗaga fatar, ƙwayar tana nan lafiya, tana juyawa ko'ina ba ciwo, yaron kuma yana gani sarai. Sau da yawa maganin kashe bakteriya na sha ya isa, a koma gida a dawo bayan kwana 1 ko 2 a duba. Jarirai da waɗanda jikinsu ya yi laushi su kan akan kwantar.

Ta bayan labule ita ce matsalar. Mafi yawanta daga hanci take tasowa. A cikin ƙasusuwan fuska akwai wasu koguna masu iska da ke haɗe da hanci, kuma ƙashin da ya raba kogon da ke tsakanin idanu da kwarmin ido bai fi takarda kauri ba. Sunansa na Latin ma ma'anarsa ke nan. Idan mura ta daɗe kogon ya cika da mugunya, bakteriya na iya ratsa ƙashin su faɗa bayan ido. Tunda kwarmin ƙashi ne ta kowane ɓangare, kumburin ba shi da inda zai bi sai gaba, sai ya turo ƙwayar ido waje. Juya ido ya zama da ciwo, ko ya ƙi juyuwa ɗungum. Mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu ko dishi-dishi, ga zazzaɓi da ciwon kai. Matsin da ke kan jijiyar gani yana iya kashe ta, kuma jijiyar gani idan ta mutu ba ta dawowa. Bayan haka, jijiyoyin jinin wurin baya suke kwarara zuwa ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, don haka cutar na iya zama sanƙarau, ko ƙurji a ƙwaƙwalwa, ko daskarewar jini a can ciki. Mai irin wannan kwantar da shi ake yi, a ba shi magani ta jijiya, a ɗauki hoton Si-Ti idan akwai, wani lokaci a yi tiyata a fitar da mugunya. Yara ta fi kamawa. A da wata bakteriya da ake kira Hib tana cikin manyan masu jawo ta, amma allurar rigakafin nan mai haɗe da cututtuka 5, wadda Nijeriya ta fara bayarwa a 2012, ta ƙunshi rigakafinta.

Inda tafinta zai iya yin ɓarna

A nan ne nake ganin aikinmu yake. Kalmar "ido" a Hausa tana ɗaukar fata da ƙwaya duka. Idan uwa ta ce "idonsa ya kumbura", ba a san wanne take nufi ba. Sai a tambaye ta, "Mama, fatar ce ta kumbura, ko ƙwayar ce ta turo waje?" A kuma tambaya ko yaron yana kuka idan ya juya idon, ko ya yi mura kafin nan.

Sai "kwana biyu". Duk ɗalibin aji ɗaya ya san cewa idan aka ce "kwana biyu ban gan ka ba", yana iya zama wata guda. Idan tafinta ya gaya wa likita kwana 2 cif, alhali mako 2 ake ciki, ya canza labarin cutar. Gara a tambayi ranar da abin ya fara: ran Juma'a ne, ko ran kasuwa? Haka "da sauƙi". Bahaushe ko yana kan gargara aka ce masa "yaya jiki?" zai ce da sauƙi, domin amsar gaisuwa ce da nuna haƙuri. A bar gaisuwa ta wuce tukuna, sannan a ce, "Baba, tsakanin jiya da yau, ciwon ƙaruwa ya yi ko raguwa?" Kalmar "zazzaɓi" ma kada a fassara ta da maleriya, zafin jiki kawai za a ce, likita ya nemo dalili.

Jariri

Kwantsa mai yawa da kumburi a idon jariri cikin kwana 28 na farko abin gaggawa ne. Mafi haɗari ita ce wadda ƙwayar ciwon sanyi ke kawowa, wadda jariri ke ɗauka daga mahaifiyarsa wajen haihuwa, sau da yawa ita kanta ba ta san tana da shi ba. Takan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 5 da haihuwa, da mugunya mai kauri da ke dawowa da zarar an goge, kuma tana iya huda baƙin ido cikin ɗan lokaci. Mai karatu zai lura cewa duk wannan kafin ranar suna ne, lokacin da gida ya cika da 'yan barka, mai jego kuma ba ta fita. Jiran a yi suna tukuna yana iya cin idon yaro. Tun a 1881 wani likita Bajamushe mai suna Carl Credé ya nuna cewa ɗiga magani a idon kowane jariri da zarar an haife shi yana hana wannan makanta, har yau kuma ana shafa man ido na rigakafi a ɗakin haihuwa. Idan cutar ta tabbata, allura ake yi wa jariri, kuma dole a yi wa uwa da uba magani. Wannan magana ce mai nauyi a bakin tafinta, bai kamata a faɗe ta a gaban surukai ba.

Tambayar da bai kamata a manta ba ita ce me aka riga aka zuba a idon. Mutane sukan ɗiga nono, ko ruwan suga, ko ruwan albasa, wasu har ruwan batir da fitsari. Fitsarin mai ciwon sanyi yana iya mai da Afolo mara haɗari ta koma cutar makanta. Haka maganin ɗigawa mai sitiroyid da ake saye a kemis: yana kwantar da ja, amma idan akwai gyambo a baƙin ido, kamar wanda manomi ke samu idan ganyen dawa ko na masara ya karce shi, ƙara haƙa gyambon yake yi. A yi tambayar cikin lalama domin mutane suna ɓoyewa idan suka ji za a yi musu faɗa, a kuma ce su kawo kwalbar.

Sauran da ake gani a imajensi

Maruru a hanci ko a leɓen sama ba a matse shi, saboda jijiyoyin jinin nan da na ambata. Ƙuraje masu ruwa da zafi kamar wuta a goshi, waɗanda suka tsaya a rabin fuska ba su ƙetare tsakiya ba, ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya ta farka. Maganinta ya fi aiki idan an fara cikin awa 72, kuma idan sun kai kan hanci ido na cikin haɗari.

Sanƙarau kuwa kowa ya san shi a Arewa. A annobar 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. An fara rigakafin nau'in A a ƙasar nan a 2011, kuma a 2024 Nijeriya ce ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i 5. Sunan ya fito daga "sanƙare", da ɗafin -au irin na "mantau", domin wuya ne ke sanƙarewa. Sai dai sunan yana iya yaudara, tunda jariri sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. Abin da ake gani shi ne ƙin mama, da yawan barci ko kuka mai tsini, da maɗiga ta kumburo.

Kowace daga cikin cututtukan nan, har gyambon ƙafar mai ciwon suga, tana iya shiga jini ta rikita jiki gaba ɗaya. Alamunta su ne numfashi sama-sama, da surutai ko rashin gane mutane, da sanyin hannu da ƙafa, da ƙarancin fitsari. Likita zai so ya san yaushe rabon mara lafiya da fitsari, domin ta nan ake gane ko ƙoda ta fara gazawa. Idan dattijo ne, kuma tafinta ƙaramar yarinya ce kamata, kalmar da za ta yi amfani da ita ita ce "bawali", ko ta juya ga ɗansa ta ce, "Malam, yaushe rabon Baba da ya zaga?"