Raha da Ƙarya a Fim ɗin La Grande Séduction: Nazarin Harshe da Rayuwar Wani Ƙauyen Masunta

1.0 Gabatarwa

Masana adabin baka sun daɗe da lura cewa al'umma takan faɗi abin da ya fi yi mata ciwo ta hanyar raha. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda hakan ya kasance a cikin La Grande Séduction, wani fim na barkwanci da aka shirya da Faransanci a lardin Kwibek na ƙasar Kanada a shekarar 2003. Ken Scott ne ya rubuta labarin, Jean-François Pouliot kuma ya ba da umarni. Maƙalar za ta nuna cewa abin da mutanen ƙauyen fim ɗin suke nema da ƙaryarsu shi ne mutuncin da sana'a take ba mutum, kuma magana ce babban makaminsu a wannan nema.

2.0 Tushen Labarin

Ba za a fahimci fim ɗin ba sai an san abin da ya sami masuntan gabashin Kanada. Shekaru ɗaruruwa garuruwan wannan gaɓa suna rayuwa a kan kifin kod. Da manyan jiragen ruwa masu jan taru suka shigo, kamun ya wuce kima, har a shekarar 1968 aka kama fiye da tan 800,000 na kod ɗin arewa. Daga nan kifin ya yi ta raguwa. A ranar 2 ga Yuli, 1992, ministan harkokin su na tarayya, John Crosbie, ya ba da sanarwar hana kamun wannan kifi a gaɓar Newfoundland da Labrador, kuma mutane kimanin 30,000 suka rasa aikinsu. A shekarun da suka biyo baya hanin ya kai ga mashigin tekun St. Lawrence. An yi zaton zai ɗauki shekara biyu, amma sai a 2024 aka sake buɗe kamun kasuwanci na kod ɗin arewa, shi ma da iyakar tan 18,000.

Ƙauyen fim ɗin, Sainte-Marie-la-Mauderne, ƙagagge ne, amma halin da yake ciki na gaske ne. Magidanta sun daina fita su. Duk wata sukan yi layi a gidan waya su karɓi cakin tallafin gwamnati, su je banki su canza shi, kansu a sunkuye. Wani kamfani ya yarda ya kafa masana'antar robobi a ƙauyen, da sharaɗin a sami likita mazauni. Ana cikin haka ƙaddara ta kawo wani matashin likita daga birnin Montreal, Dokta Christopher Lewis, wanda aka tilasta wa yin wata ɗaya a can. Germain Lesage, wanda Raymond Bouchard ya fito a matsayinsa, ya ja ragamar mutanen gari domin su sa likitan ya ƙaunaci ƙauyen kafin watan ya ƙare.

3.0 Ƙarya a Matsayin Aikin Gayya

Raha a wannan fim ta ginu ne a kan ƙarya wadda gari guda ya haɗa baki a kanta. Da suka ji cewa likitan mai son wasan kurket ne, mutanen da ba su san wani wasa ba sai hokin ƙanƙara suka ɗinka fararen kaya suka jeru a fili kamar sun gaji wasan daga iyaye. Ana ajiye masa takardar kuɗi a kan hanya don ya ɗauka shi mai sa'a ne. Ana maƙala masa daskararren kifi a ƙugiya don ya ji ya iya su. Da wakilin kamfani ya zo ƙidayar mazauna, mutanen da ba su kai adadin da ake bukata ba suka ruga daga wani ɗakin taro zuwa coci domin a ƙirga su sau biyu.

Mai nazarin adabin Hausa zai tuna da Gizo, sai dai akwai bambanci guda biyu. Gizo shi kaɗai yake ƙulla dabararsa, kuma cikinsa yake yi wa aiki. A nan kuwa dabarar ta zama aikin gayya, kuma ita ce aikin farko da mutanen suka yi tare tun bayan da kifi ya ƙare. Wanda ya kalli fim ɗin da kyau zai ga cewa tun kafin masana'anta ta zo, ƙauyen ya fara farfaɗowa: an share hanya, an kwashe bola, mutane suna tashi da safe da abin yi a gabansu. Wannan ne ya sa mai kallo yake dariya ba tare da ya raina su ba.

4.0 Matsayin Harshe

Akwai abubuwa uku da suka shafi harshe waɗanda ya kamata a tsaya a kansu.

Na farko shi ne sauraren waya. Mutanen gari sun haɗa wayar likitan da wani ɗaki inda mata biyu suke sauraren duk abin da yake faɗa wa budurwarsa da abokinsa. Idan ya ce ya yi kewar wani abinci, gobe sai ya tarar da shi a gidan abinci. Wato maganarsa ce take gina ƙauyen da yake gani. Amma masu sauraren ba sa gane kowace kalma tasa, domin shi ɗan birni ne mai wata irin magana da wasu irin sha'awoyi, don haka sukan fassara shi a karkace, kuma daga wannan rashin fahimta ake samun dariya mai yawa. Harshen guda ne a suna, amma rukunin jama'a biyu ne suke amfani da shi.

Na biyu shi ne suna. Kalmar Mauderne tana kama da kalmar Faransanci mai nufin “na zamani”, sai dai an karkatar da rubutunta. Ƙauyen da zamani ya bari a baya yana ɗauke da sunan zamani da aka rubuta ba daidai ba. Wani abin lura kuma shi ne cewa an ɗauki fim ɗin a Harrington Harbour, wani tsibiri na Kwibek mai hanyoyin katako, wanda yawancin mazaunansa Ingilishi suke yi. Ke nan masu shirya fim sun ari gidaje da duwatsun wata al'umma suka sa musu wani harshe.

Na uku shi ne abin da ya faru da aka sake shirya labarin da Ingilishi a 2013 da sunan The Grand Seduction, bisa umarnin Don McKellar, tare da Brendan Gleeson da Taylor Kitsch. Ba a mayar da shi daidaitaccen Ingilishi ba. An kai shi Newfoundland, inda ake da karin harshe mai ƙamus nasa tun 1982, aka kira ƙauyen Tickle Head. A wannan kari kalmar tickle tana nufin siririn mashigin ruwa, alhali sauran masu Ingilishi cakulkuli suke fahimta da ita. Masu fassarar sun gane cewa labarin ba zai tsaya ba sai an sami tazara tsakanin bakin ɗan birni da bakin ɗan gaɓa.

5.0 Warwarar Ƙulli

Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙaryar da ta fi nauyi ita ce wadda Germain ya yi da ya san likitan ya tashi ba uba: sai ya ƙaga labarin ɗan da ya rasa. A daidai lokacin da Dokta Lewis ya gano cewa mutanensa na birni sun ci amanarsa, ya fara yaba gaskiyar mutanen ƙauye, a nan ne dariya ta tsaya. Gaskiya ta fito, likitan ya fusata, sannan ya zaɓi ya zauna bayan ya san kome. Abin da ya riƙe shi bukatar da ya gani ce da idonsa a cikin watan da ya yi yana duba marasa lafiya, da kuma bayanin Germain game da abin da karɓar cakin tallafi yake yi wa zuciyar magidanci.

6.0 Kammalawa

Fim ɗin ya sami lambar yabo ta masu kallo a bikin fina-finai na Sundance a 2004, an kuma sake shirya shi a Faransa da Italiya da Meziko. Wannan ya nuna cewa matsalar ƙauyen da sana'arsa ta mutu, likita kuma ya ƙi zuwa, sananniya ce a wurare da dama. Sai dai akwai asarar da labarin ya wuce ta da sauri. Masana'antar robobi ta dawo da albashi, amma ba ta dawo da su ba, kuma idan sana'a ta tafi, kalmominta sukan bi ta. Wannan ya shafi masu nazarin harsunan Nijeriya kai tsaye. Kalmomi irin su koma da taru da birgi da mamari, da sunayen kifaye da kirarin Sarkawa, suna raye ne muddin ana shiga ruwa a Argungu da Yawuri da bakin Tafkin Chadi. Tattara su daga bakin masu sana'ar aiki ne da ya kamata a yi tun suna kan aikinsu.