Buntun Shinkafar Kano da Enzayim Ɗin da Ake Sayowa Waje

Tun da Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da shinkafa dalar gwamnati a 2015, aka kuma rufe iyakokin tudu a Agustan 2019, injinan casa suka yawaita a Kano. Kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera buntu ne, wanda ake jibgewa bayan inji ko a cinna masa wuta. Wannan tsibi, tare da tsadar dala, shi ya ƙara jawo hankalin ɗaliban kimiyya a jami'o'in Arewa kan renon fumfuna a buntun don samar da enzayim.

Dabarar tsohuwa ce. A 1894 Jokichi Takamine, Bajapane, ya yi rajistar hanyar renon fumfunar Aspergillus oryzae a kan dusar alkama a Amurka. Ana jiƙa dusa, a turara ta don kashe ƙwayoyin cuta, a zuba irin fumfunar, a bar ta ta tsimu 'yan kwanaki. Garin neman abincinta sai ta fitar da enzayim, sinadarin da ke narkar da sitaci ko furotin, a tace a ɗebe.

Masu buƙata suna nan. Kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa suna tausasa fata da shi, masu haɗa abincin kaji kuma suna zuba enzayim ɗin fitas don kaza ta ci moriyar fosfaras ɗin hatsi. Kasuwar kuwa tana hannun irin su Novonesis na Denmak.

Sai dai lissafin “kayan banza” bai cika fita a ƙasar Hausa ba. Dusa, wadda fumfuna ta fi so, kuɗi ce. Mai kiwon ragon layya ba zai bar wa masana'anta ita da arha ba. Haka harawa da karan dawa. Buntun da ya rage kuma tauri gare shi, cike da silika, sai an sarrafa shi kafin fumfuna ta ci. Ga zafi: fumfuna irin su Aspergillus niger ta fi yabanya wajen digiri 30, Kano kuwa tana haura 40 a Afrilu, tsimin kansa yana ƙara ɗumi, wutar sanyaya ɗaki ba tabbas. Sannan in aka yi sake 'yar uwarta Aspergillus flavus ta shiga, ita ce mai dafin aflatoksin da ke ɓata gyaɗa.

Shi ya sa akasarin aikin ke ƙarewa a kundin digiri. A ganina kuskure ne a fara da burin tataccen enzayim na magani ko abincin ɗan'adam, domin a wurin tacewa kuɗi ke narkewa. Majema ba sa buƙatar mai tsabta haka. Cibiyar fata ta NILEST da ke Zariya da kamfanonin Challawa su fara gwada ɗanyen enzayim ɗin a kan fata.