Liyeji, ɓawon iccen da ake girbi kamar hatsi



Kowa ya san abin da ke samun icce idan aka ɓare mashi ɓawo aka kewaye gindinshi: ganye ya zube, rassa su bushe, baɗi sai a sare shi a hura wuta. Amma akwai wani icce a duniya wanda ake tuɓe ma ɓawo tun daga ƙasa har zuwa rassa, sau goma sha biyar ko fiye cikin rayuwarshi, kuma bai mutuwa. Da Faransanci ana ce ma ɓawon nan liyeji. Yau za mu ga ko minene shi, da yadda ake samun shi, da abin da ya sa iccen ke rayuwa.

Kun taɓa ganin shi

Ku duba murfin tarmos na da, wanda ake toshe bakin da shi don kada ruwan zafi ya huce. Abu ne mai launin ƙasa-ƙasa, marar nauyi, in ka danna shi ya lotsa, in ka sake shi ya komo yadda yake. Shi ne liyeji. Tsofaffinmu sun tuna babbar farar hular da Nasara ke sawa zamanin mulkin mallaka. Da yawa cikin hulunan nan da liyeji aka yi su, don bai barin zafin rana ya ratsa. Wasu na tsammanin roba ce ko soso. Ba haka ba ne, ɓawon icce ne da Allah ya halitta.

Inda iccen ke fita

Iccen liyeji na fita a ƙasashen da ke yammacin tekun Bahar Rum: Fotugal, Sipaniya, Italiya, kudancin Faransa, Maroko, Tunisiya, da arewacin Aljeriya maƙwabciyarmu. A can ruwan sama lokacin sanyi yake zuwa, lokacin zafi kuwa ƙasa ta bushe ƙayau. Wannan yanayin yake so, shi ya sa ba mu da shi a ƙasarmu.

Dajin liyeji na duniya duka ya zarce hekta miliyan 2 kaɗan. Kashi ɗaya cikin uku yana Fotugal, kuma ita ke bada wajen rabin liyejin duniya. A Maroko akwai babban daji nashi mai suna Mamora, kusa da birnin Rabat.

A kudancin Fotugal itatuwan a warwatse suke cikin gonaki, kamar yadda gawo yake cikin gonakinmu. Ƙarƙashinsu tumaki da shanu ke kiwo, wani wuri a shuka alkama. Ƙasa guda, amfani iri-iri.

Mi ke cikin ɓawon?

A shekara ta 1665 wani masani na Ingila mai suna Robert Hooke ya yanki liyeji siriri, ya duba shi da madubin da ke ƙara girman abu. Sai ya ga ƴan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Guntun da bai wuce santimetir ɗaya ta kowane gefe ba yana da ƴan ɗakunan nan wajen miliyan 40. Kowane a rufe yake, cike da iska, bangonshi kuma yana da wani abu kamar kakin zuma mai hana ruwa shiga.

Daga nan halayenshi duka suka fito:

1. Bai da nauyi. Kwano guda na liyeji bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin kwano guda na ruwa ba. Don haka bai nutsewa.
2. Ruwa bai ratsa shi da sauƙi, kuma bai saurin ruɓewa.
3. Yana tare zafi, yana tare sanyi, yana rage ƙara.
4. Wuta ba ta cin shi da sauri. Idan gobarar daji ta wuce, ɓawon ke kare iccen, daga baya ya sake tofo.

Yadda ake girbin shi

Nan ne aikin haƙuri yake. Ba a taɓa iccen sai ya kai wajen shekara 25. Sai an auna gindinshi daidai ƙirjin mutum, an ga kewayenshi ya kai santimetir 70. Ɓawon farko mai kaushi ne, duk tsage-tsage, kuɗinshi kaɗan ne. Sai a jira shekara 9 a ɗebi na biyu, wanda ya ɗan fi. A ƙara jira shekara 9 a ɗebi na uku. Shi ne mai kyau, mai tsada. Ku yi lissafi: 25 da 9 da 9, shekara 43 ke nan. Wanda ya shuka iccen, ɗanshi ko jikanshi ke cin riba. Iccen kuwa yana iya kai shekara 200.

Lokacin aikin daga watan 5 ne zuwa watan 8, wato Mayu zuwa Agusta, sa'ad da iccen ke girma, ɓawo na rabuwa da jiki ba da wuya ba. Ma'aikaci ya ɗauki gatari mai faɗin baki, ya tsaga ɓawon a tsaye, ya yanka shi a kewaye sama, sannan ya sa ƙarshen ƙotar gatarin ya ɓamɓaro shi kamar faifan katako. Idan shekarar fari ce ɓawon ya ƙi sakuwa, ba a tilasta mashi, a bar shi sai wata shekara. In an gama, a rubuta lambar ƙarshe ta shekarar da farin fenti a gindin iccen. Wanda aka ɓare a 2021 za a sa mashi 1, kowa ya san ba a komowa gare shi kafin 2030.

Babban icce na bada kilo 40 zuwa 60 a girbi guda. Akwai wani tsohon icce a Fotugal, ya fi shekara 230, wanda a 1991 aka ɗebi wajen kilo 1.200 a jikinshi.

Mi ya sa bai mutuwa?

Ku karanta nan da kyau. Ɓawon kowane icce hawa biyu ne. Na waje busasshe ne, kamar riga yake. Na ciki ɗanye ne mai rai, ta cikinshi abincin da ganye ke haɗawa ke sauka zuwa saiwa. Idan aka yanke na cikin nan aka kewaye gindi, an tare hanya, saiwa ta mutu da yunwa, icce ya bi ta.

A iccen liyeji rigar waje na da kauri ƙwarai, tana kai santimetir 3 ko fiye, kuma tana rabuwa da na ciki salin-alin. Gwanin ma'aikaci rigar kaɗai yake tuɓewa. Gindin ya koma ja, ya fara sabuwar riga, kowace shekara ta ƙara kauri kaɗan. Amma idan gatari ya zarce ya ji ma na ciki ciwo, wurin nan bai ƙara bada liyeji mai kyau, ƙwari da ciwo su samu ƙofa. Shi ya sa ba a ba baƙon hannu wannan gatarin sai ya daɗe yana koyo.

Hukuma ma ta sa hannu. A Fotugal doka ta hana sare iccen ba tare da izini ba, ta kuma hana ɓare shi kafin shekara 9 ta cika. A 2011 majalisar ƙasar ta naɗa shi iccen ƙasa.

Abin da ake yi da shi

Bayan girbi ana jibge ɓawon a fili wajen wata 6, sannan a dafa shi cikin tafasasshen ruwa wajen awa guda don ya yi laushi ya miƙe. Mafi kyau a huda shi a fidda matoshin kwalba, galibi na kwalaben giyar inabi, nan ne mafi yawan kuɗin ke fitowa. Ragowar a niƙa ta a matse. Da ita ake yin ƙasan takalmi, da daɓen ɗaki, da allon kafa takardu a makaranta, da abin da makanikai ke sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe cikin inji don kada mai ya zuba. Ana lulluɓe bangon gida da ɗakin sanyi da shi. Masunta sun daɗe suna ɗaura shi a taru don bakin tarun ya tsaya bisa ruwa. Har jikin kumbon da ake harbawa sama ana sa shi don ya tare zafi. Ƙurar da ta rage kuwa a ƙona ta a masana'anta a samu wuta. Ba a zubar da kome.

Mu fa, da namu itatuwan?

Mu ma muna cin amfanin ɓawo: igiya daga kuka da kalgo, magani daga maɗaci. Kuka na iya maida ɓawonta, amma yawancin itatuwanmu ba su da wannan baiwa, ɓawonsu na waje da na ciki tare suke fita. Saboda haka:

1. Kada ku kewaye gindin icce da yanka.
2. Ku ɗebi ɗan siriri a tsaye, ta gefe guda kaɗai.
3. Kada ku komo ga iccen sai tabon ya rufe.
4. Ku ƙyale ƙaramin icce ya girma tukuna.

Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Mutanen Fotugal na jiran shekara 43 kafin su ga ɓawo mai kyau, kuma icce guda na ciyar da kaka da jika. Ku karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba tukuna.

Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.