Bishop Ajayi Crowther: Bawan da Ya Yi Shugabanci da Hidima

Kirista suna da wata ƙa'ida game da shugabanci, wadda su ka samo daga Isa Almasihu, wanda su ke kira Yesu. Linjila ta ba da labari, a daren ƙarshe da ya ci abinci tare da almajiransa ya tashi ya ɗaura mayafi, ya zuba ruwa a kwano, ya wanke musu ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa aikin bawa ke nan a wancan zamani. Abin da su ka fahimta shi ne, wanda a ka ba girma a cikin jama'a shi ne baransu. Faɗar wannan magana da sauƙi, riƙe ta ne da wuya. To, ga labarin wani da ya riƙe ta a nan bakin Kwara.

Sunansa Ajayi, Bayarabe ne, mutumin Osogun. Cikin 1821, yana yaro, mahara su ka ci garinsu su ka kama shi. A ka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har cikin 1822 a ka sa shi jirgin bayi a Ikko. Jiragen yaƙin Ingila su ka tare jirgin, su ka sauke bayin a Saliyo. Can ya yi karatu, ya shiga addinin Kirista cikin 1825, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. Cikin 1843 a ka naɗa shi limami, ran 29 ga Yuni 1864 kuwa a ka naɗa shi bishop a Kantabari, wato baƙar fata na farko da ya sami wannan matsayi a cikin ikkilisiyar Ingila. Ko da ya ke haka, ba shi ya nema ba, sai da a ka lallashe shi kafin ya yarda.

Aikinsa ya nuna yadda ya ɗauki girman. Cikin 1857 jirginsu ya fashe a kan dutse kusa da Jaba, ya zauna wata da watanni a bakin kogi, bai ɓata lokacin ba, sai ya duƙufa koyon Nufanci a bakin masu shi. Ya rubuta nahawun Nufanci, ya kuma shugabanci juya Littafin Kirista da Yarbanci. Wanda ya zauna gaban talaka yana tambayarsa ma'anar kalma, ai ya riga ya ajiye girman kai.

Haka kuma zamansa da sarakunan Musulmi. Ya kan je Bida gaida Etsu Masaba da ladabi, ba ya zagin addinin kowa, ba ya kuma ɓoye nasa. Amincin nan ya daɗe, har Etsu Maliki, wanda ya hau cikin 1884, da ya ga barasar da fataken Turawa ke kawowa tana lalata ƙasarsa, sai ya aika da takarda a kai wa Crowther, ya roƙi Sarauniyar Ingila a hana. Sarki ba ya ɗora irin wannan amana sai ga wanda ya jarraba ya gani.

Amma fa babba juji ne. Da tsufa ya zo masa, sai waɗansu samarin Turawan mishan su ka iso, su ka ce yana da sanyin hannu, ba ya hukunta ma'aikatansa. Gaskiya ne an sami masu laifi a cikin ma'aikatan, shi kuwa ya fi son ya yi wa mutum nasiha ya jira tubansa da ya kore shi. Cikin Agusta 1890, a wani taro a Anaca, samarin nan su ka dakatar da limamai 'yan Afirka a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson. Tsohon bai la'anci kowa ba, bai fita daga ikkilisiyarsa ba. Bai kuma sa hannu a kan abin da ya ga zalunci ne ba: ya sauka daga majalisar, ya goyi bayan majami'un bakin teku su riƙa ɗaukar nauyin kansu. Ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. A ka ba Bature kujerarsa, sai da a ka yi kamar shekara 60 kafin wani ɗan ƙasar ya sake riƙe irinta. Cikin 2014 Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya fito fili ya amsa cewa an zalunce shi.

Waɗansu za su ce tawali'unsa ne ya ja masa raini. Sai dai mai karatu ya duba: samarin nan sai masu tonon tarihi ke tuna sunayensu, shi kuwa har yanzu makarantu da majami'u suna ɗauke da nasa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Limami, da dagaci, da shugaban ofis, kowa ya auna kansa da wannan mudu.

Haza wasalam.