Ɗaura Bel a Gajeriyar Tafiya Tsakanin Madawa, Buza da Kaita

Bel ɗin mota, wato ɗamarar da ke ratsa ƙirji da ƙugu ta riƙe mutum a kan kujera, ya samu siffarsa ta yanzu a 1959, lokacin da injiniya Nils Bohlin ya ƙera shi a kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ɗaura shi yana rage haɗarin mutuwar direba da na gefensa da kusan rabi. Duk da haka, direbobi da yawa a jihar Tawa ba sa tunawa da shi sai za su kama hanyar Yamai ko sun hango shingen jandarmomi, kuma hujjarsu ita ce tafiyar ba ta da nisa.

Wannan hujja ba ta da tushe, domin ƙarfin karo ya dogara ne ga gudun mota da nauyin jiki, babu ruwansa da tsawon tafiya. Idan motar da ke gudun kilomita 50 a awa ta tsaya cak, jikin wanda ke cikinta yana ci gaba da tafiya da wannan gudu har ya gamu da sitiyari ko gilashi, kuma bugun da zai sha daidai yake da na faɗowa daga bisan mita 10. Babu hannun da zai iya tare wannan, komai ƙarfin mai shi. Fasinjan baya da bai ɗaura ba kan afka wa na gaba, yaron da aka rungume a cinya kuwa yakan suɓuce.

Yanayin yankin yana ƙara wa lamarin nauyi. Babbar hanyar RN1, wadda ta haɗa Birnin Ƙonni da Maraɗi, ta ratsa Madawa, inda manyan motocin albasa ke cuɗanya da 'yan kabu-kabu da amalanken jakuna da garken dabbobi, musamman ranar kasuwa, kuma a irin wannan wuri ne ake yawan taka birkin gaggawa. Hanyar da ta bi ta Buza da Kaita zuwa Tawa kuwa tana hawa da gangara a tsaunukan Adar, ga kwaruruka da ruwan damina ke zaizaye bakinsu, kuma idan mota ta ƙwace ta wuntsila, wanda bai ɗaura bel ba shi ne ake wurgowa waje. A ƙauyukan da ke nesa da asibitin gunduma, raunin kai ko zubar jini a cikin ciki yakan tsananta tun kafin a samo motar da za ta ɗauki majinyacin.

Akwai kuma laifin masu motocin haya, waɗanda ke cusa fasinja biyu a kujerar gaba mai bel ɗaya, ko su bar bel ɗin ya tsinke ko ya maƙale ƙarƙashin kujera ba tare da gyara ba.